Motar Da Husna Ta Zaɓa

Mutumin da ya ce zai tarye ni a filin jirgin Dubai bai zo ba. A ƙarshen shekarar 2016 ne. Na zauna a kan jakata ina ta kiran lambarsa, tana shiga ba a ɗauka, daga baya ma aka kashe wayar ɗungurungum. Shi ne ya yi mini biza tun daga Kano, ya ce aikin ofis na nan yana jira na, har da ɗakin kwana. Da zama ya ishe ni sai na bi wasu mata 'yan kasuwa da na ji suna Hausa, na gaishe su, na ce don Allah a ina 'yan uwanmu suke a garin nan. Wata Hajiya a cikinsu ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai ma an yi maka ke nan. Ɗauko jakarka, Deira za mu."

Sunana Sha'aibu, mutumin Gwarzo ne ni. Na baro matata Sa'adatu a gida da 'yarmu guda ɗaya, Husna, lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba.

A Deira, unguwar 'yan kasuwa, Hajiyar nan ta damƙa ni a hannun Alhaji Sale, wani Bakano mai ofishin kago, wato masu tattara kayan 'yan kasuwa su aika musu gida ta jirgin sama ko a kwantena. Gajere ne, mai saurin faɗa da saurin hucewa. Ya tambaye ni me na iya, na ce na yi difloma. Ya ce, "Ban tambaye ka takarda ba. Za ka iya ɗaukar kwali?" Na ce zan iya. Ya ce, "To yalla, fara aiki."

Haka na fara. Ina auna kaya, ina naɗe su da leda, ina rubuta sunan mai su, ina tura baro a lungunan da ƙamshin turare da na kayan yaji ba ya rabuwa da su. Kwana kuwa a wani ɗaki ne mai gadaje hawa biyu, mu da yawa, kowa da yarensa. Nawa gadon na sama ne, in na ɗaga hannu sai in taɓa silin. Abin da ya fi ci mini rai a shekarar farko ba nauyin kaya ba ne, ba zafi ba ne. Ranar Juma'a ce. In an idar da salla kowa ya watse, sai in tafi bakin ruwan Port Saeed in zauna ina kallon manyan jiragen katako ana loda musu firji da tayoyi, ina sauraron saƙonnin muryar da Sa'adatu ta turo. A bayan maganarta nakan jiyo kukan akuya, da ƙarar turmi, da muryar Husna tana wani dogon ihu mai kaifi. Sa'adatu takan ce, "Baban Husna, har yanzu fa yarinyar nan ba ta magana." Ni kuma in ce, "Za ta yi, wasu yaran sukan yi jinkiri."

Alhaji Sale ya mayar mini da biza ta aiki. Daga tura baro na koma kan tebur, na kuma sha wuya kafin na samu lasin tuƙi na ƙasar. A 2018 albashina ya kai inda za a yarda in kawo iyali. Na kama ɗaki ɗaya da kicin da banɗaki a International City, inda gine-ginen duk kamarsu ɗaya, kusa da babbar kasuwar 'yan Caina. Na sayi katifa, na sayi tukwane, na sayi 'yar tsana mai jar riga.

Da suka fito daga filin jirgi na durƙusa na buɗe hannuwa. Husna ta wuce ta gefena tana kallon fitilun sama. Na kira sunanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Sa'adatu ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta ce, "Haka take. Ba kai kaɗai ba ne."

A Gwarzo akwai tsakar gida, akwai awaki, akwai kakanni. In Husna ta yi ihunta sai ya bi iska, ba wanda ya damu. A nan kuwa bango ne siriri tsakaninmu da mutanen da suka wuni aiki suna son hutawa. Ba a yi nisa ba aka fara buga mana bango. Sai mai gadin bene ya fara zuwa, yana sunkuyar da kai yana cewa maƙwabta sun kai ƙara. Daga nan bakin Sa'adatu bai ƙara hutawa ba. "Yi shiru, Husna. Don Allah yi shiru." Tun safe har yamma. Wani lokaci in dawo in tarar ta rungume yarinyar a banɗaki, ta kunna famfo don ƙarar ruwa ta danne ihun.

Muka kai ta wajen likitar yara, wata Basudaniya mai sanyin murya. Ta daɗe tana wasa da ita a ƙasa, sannan ta ce mana lalura ce da ake kira otizim. Ta ce kunnenta lafiya lau, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Wannan na ƙarshen sai da ta maimaita shi tana kallon Sa'adatu. Ta haɗa mu da wata makaranta da ake koya wa irin waɗannan yara, amma tana can wani ɓangare na gari. Sai an hau bas, a hau jirgin ƙasan cikin gari da ake kira metro, a sake hawa bas. Husna kuwa ba ta jure cunkoso da ƙarar lasifika. Da ƙofar metro ta rufe sai ta toshe kunnuwa ta zube a ƙasa, idanun mutane su yi caa a kan uwarta. Tasi ce kawai take ɗauka lafiya. Da mota ta fara tafiya sai ta manna goshinta a gilashi ta yi tsit, kamar an zare mata wata ƙaya. Amma tasi kullum ba ta mai albashi irin nawa ba ce.

Wata Juma'a da rana, mun gama cin abinci, Sa'adatu ta tattara kwanuka ta dawo ta zauna a bakin katifa. Ta rame sosai a lokacin, har zoben hannunta ta daina sawa don yana zamewa.

Ta ce, "Baban Husna, ka mayar da mu gida."

Na ce, "Makarantar fa? Kin ga ta fara riƙe cokali."

"Na gani. Amma ni na gaji. Ban san ranar da na ga ƙasa ba, ƙasa ta gaske wadda mutum zai taka ba takalmi. Kullum ina toshe wa 'yata baki kamar na sato ta. A gida ko ba makaranta, ba wanda zai buga mini bango."

Ban iya musa mata ba. Amma na san in suka tafi, Husna za ta koma hannun masu rubutu da hayaƙi, ni kuma in koma gadon sama ina sauraron muryarsu a waya. Na ce, "Maman Husna, ki ba ni zuwa lokacin sanyi. In sanyi ya shigo ba abin da ya canja, ni da kaina zan kai ku filin jirgi."

Ta ce, "Me za ka yi kafin nan?"

Na ce, "Mota zan saya."

Ta dube ni kamar na faɗi abin dariya, amma ba ta yi dariyar ba.

Ga abin da ke raina. A sanyin da ya wuce Alhaji Sale ya kwashe mu ma'aikatansa zuwa cikin yashi, bayan gari, muka gasa nama. A can na ga iyalai sun kafa sansani, yara suna gudu suna ihu ba mai ce musu kanzil. Na ga wani Balarabe da ƙaramar bas, ya buɗe bayanta, ga gado a ciki, ga labule, matarsa na dafa shayi a gindin taya. Tun ranar hoton bai bar kaina ba. Don haka mota ɗaya nake nema da za ta yi aiki uku. Da safe ta kai Husna makaranta. Da rana ta kwaso kayan 'yan kasuwa daga shaguna zuwa sito, don Alhaji ya yi alkawarin in na samu mota zai riƙa ba ni wannan jigilar. Juma'a da Asabar kuma ta zama ɗaki.

Kuɗin da zan saye ta da su, waɗanda muke tarawa ne don zuwa gida babbar Salla. Ba su da yawa. Saboda haka ko kallon sabuwa ban yi ba, na nufi kasuwar tsofaffin motoci ta Awir, daga baya na riƙa tsallakawa Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai.

Duk hutun ƙarshen mako a can nake ƙarar da shi, cikin zafin da takalmi ke manne wa kwalta. A hankali na fara gane kan abin. Masu rufaffen baya, marasa taga, su ne suka fi araha kuma sun fi fili, amma ba a yi musu rajista sai da sunan kamfani, bayansu kuma kamar tanda yake, ga shi babu gilashin da Husna za ta manna goshi. Doguwar hayis mai kujeru da yawa, an ce sai na sake neman wani lasin, kuma ba ni da inda zan ajiye ta. Akwai wasu 'yan ƙanana masu kama da kiya-kiyarmu ta gida, kuɗinsu ba yawa, amma injin a ƙarƙashin kujera yake, yana ƙona mutum yana kuma kaɗa shi kamar ana tankaɗe. Waɗanda aka shigo da su daga Amurka sun fi kowacce sheƙi, sai dai wani bakanike ya ja ni gefe ya ce yawancinsu sun yi haɗari a can, kuma esinsu ba a yi shi don zafin nan ba.

Sai na taƙaita abin da nake so. Esi ya kai har baya. Ƙofar gefe mai zugewa, wadda yaro ba zai iya buɗewa daga ciki ba. Kujerun baya su fita ba tare da an yanka ƙarfe ba. Kayan gyaranta su kasance ana samu a kowane gareji. Sannan tsawonta ya ɗauki mutum a kwance. Wannan na ƙarshen ba ni da wata hanyar aunawa sai in cire takalmi in hau in miƙe. Dillalai su taru suna dariya. Wani ya ce, "Habibi, mota kake nema ko otal?"

A Sharja na haɗu da Ɗanliti. Ina cikin ciniki da hannu da guntun Larabci sai na ji an ce, "Malam, kar ka bari su yanke ka." Wallahi jin Hausar nan a wurin ya sa na ji sanyi a raina. Ya ce shi dillali ne, ya daɗe a kasuwar, kuma ba zai ga ɗan uwa cikin wahala ya wuce ba. Ya saya mini ruwa mai sanyi, ya tambayi lafiyar iyali, da na ba shi labarin Husna har ya girgiza kai ya yi mata addu'a. Ya kai ni wani fili ya nuna mini mota mai ruwan azurfa, tana ƙyalli, cikinta na ƙamshi. Na kwanta a baya, ta ɗauke ni har da saura. Ya ce akwai wani da zai zo ɗauka da yamma, in ina so sai in ba da kafin alƙalami ya riƙe mini. Na ba shi.

Washegari aka kai motar wurin gwaji, inda hukuma ke duba mota kafin a canja suna. Suka ɗaga ta sama. Mai dubawar ya kira ni ya haska mini fitila a ƙasanta, sai ga layin walda daga wannan gefe zuwa wancan. Gaban na wata mota ne, bayan na wata. Ya ce wannan ba za ta hau titi ba. Na kira Ɗanliti, waya a kashe. Na koma wurin mai filin, ya ce shi bai san wani Ɗanliti ba, dillalai da yawa suna shigowa, shi kuma ba a ba shi komai ba. Ya kaɗe hannuwa ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

Na fi ƙarfin awa ina tsaye a tashar bas, motoci na zuwa suna wucewa ban hau ba. Abin da nake tunani shi ne da wane baki zan faɗa wa Sa'adatu. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Allah ya mayar da alheri," ta zuba mini abinci. Amma bayan kwana biyu na ga ta sauko da babbar jaka daga kan kabad ta fara jera kayan Husna da suka yi mata kaɗan. Ta ce na 'ya'yan ƙanwarta ne. 

Kusa da ofishinmu akwai wani ɗan shagon shayi na mutanen Kerala, can kudancin Indiya. Mai shagon, Bashir, ya saba da ni. Ya ga kwana biyu ina shan shayi ba na magana, ya tambaya, na ba shi labari. Ya juya madara, sannan ya ce akwai wani dattijo ɗan garinsu, Baba Moidu, zai koma gida gaba ɗaya, yana da irin motar da nake faɗa. Ya ce, "Tsohuwa ce fa. Ba ta da kyau. Amma mutumin ba ya ƙarya."

Da na gaya wa Sa'adatu sai ta ce, "Wannan karon da mu za ka."

Muka hau tasi zuwa wata tsohuwar unguwa a bayan Deira. Motar tana tsaye a gindin wani bene. Fara ce a da, rana ta mayar da ita ruwan madara, fentin rufin ya fara ɓarewa, gefe ɗaya ya loɓa. Zuciyata ta karye. Baba Moidu ya sauko, siriri, da farin gemu, ya ɗaura zane irin nasu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya fara lissafa mini aibinta da Larabcinsa na kasuwa da 'yan kalmomin Turanci. Ta yi tafiya mai yawa. Rediyo ya mutu tuntuni. Ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Tayoyi suna son canji. Amma inji bai taɓa ba shi kunya ba, esi kuma shi ne abin da ya fi kula da shi.

Ana cikin haka wani mai babur ya danna ham a kusa da mu. Husna ta toshe kunnuwa ta fasa ihu, ta fara dukan kanta. Mutane suka leƙo ta tagogi. Sa'adatu ta riƙe ta tana, "Yi shiru, yi shiru," tana ba dattijon haƙuri da hannu. Shi kuwa sai ya zuge ƙofar gefe, ya zagaya ya tayar da inji, ya kunna esi, ya koma gefe ya tsaya.

Husna ta ƙwace daga hannun uwarta ta haye. Ta tsallake kujerar tsakiya ta faɗa baya, inda aka cire kujeru aka shimfiɗa wata siririyar katifa. Tagogin bayan suna da labule kore mai ƙananan furanni. Ta kwanta ta kifa kunci a kan katifar. Injin yana wani gurnani a hankali, ba tsalle ba kaɗawa. Ihun ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma numfashi.

Baba Moidu ya ce mu hau ya zaga da mu. A hanya ya ba mu labarin katifar. Matarsa ta yi shekaru tana fama da ciwon ƙoda, shi yake kai ta wankin ƙoda asibiti. In an gama ba ta iya zama, shi ya sa ya cire kujerun baya ya ajiye a ɗaki. Labulen ita ta ɗinka, don kada mutane su riƙa kallonta a danja. Ta rasu a azumin da ya wuce. Ya faɗi haka idonsa na kan titi. Sa'adatu ba ta jin Larabci sosai, amma da na fassara mata sai ta miƙa hannu ta shafa labulen.

Da muka dawo Husna ta ƙi fita. Na ja ta, ta riƙe ƙarfen kujera. Kunya ta kama ni, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, yanzu zan fito da ita." Ya ɗaga hannu ya ce, "La, la. Shwaiya shwaiya," wato a'a, a bi ta a hankali. Ya zauna a bakin kwalbati, ya sa aka kawo mana shayi, muka zauna muna jira, man motarsa na ƙonewa. Ni ma na samu dama na cire takalmi, na ninke kujerar tsakiya na kwanta gefen Husna. Ƙafata ta tokare ƙofa. Na ce wa Sa'adatu ta ɗan gaza. Ta ce, "To ka lanƙwashe ƙafar mana. Kai kaɗai ne dogo a duniya?" Rabon da ta yi mini irin wannan maganar har na manta.

Baba Moidu ya ce kada in ba shi ko sisi sai an kai ta gwaji. Aka kai, aka ɗaga ta, ƙasanta lafiya ba walda. Abin da ya rage a hannuna bai kai kuɗin da ya sa mata ba, na gaya masa gaskiya. Ya ce akwai wani da ya taya sama da haka, zai riƙa kwasar leburori da ita. Amma sai ya ce, "Kawo abin da kake da shi. Ka sayi taya da farko, kada ka ɗauki yarinya a kan waɗannan." Ranar da ya ba ni makulli na tambaye shi ko zai cire labulen ya tafi da shi. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce in bar shi a inda yake. Sa'adatu ta wanke shi da hannunta, ta goge, ta mayar.

Saura mayar da ita ɗaki. Doka ba ta yarda a yanka ko a yi walda a jikin mota ba sai da izini, ni kuma ina buƙatar filin don kaya a ranakun aiki. A sitonmu akwai wani baƙo ɗan ƙabilar Fatanawa, Gulam, mai haɗa akwatunan katako na kayan da ke fashewa. Shi ya ba ni shawarar a yi abin da ake sawa a cire. Da ragowar katakon da Alhaji ya ce mu ɗiba, ya haɗa akwatuna biyu dogaye masu murfi, ɗaya na tukwane da abinci, ɗaya na barguna. In an jera su aka ɗora falanki a tsakani sai su zama gado. Ya yi wani gurbi na jarkar ruwa mai famfo, da wani na kular ƙanƙara. Katifa muka sayo a kasuwar 'yan Caina muka yanka gida uku. Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne kusurwoyi. Ya bi kowacce yana gogewa har ta yi sumul, yana shafawa da bayan hannu. Na ce ai ya isa haka. Ya ce yana da 'ya sa'ar Husna a garinsu, ya san yadda goshin yaro yake neman kusurwa. Ya ƙi karɓar ladan aiki, sai dai Sa'adatu ta yi masa dambun shinkafa, ya ci yana hawayen yaji.

Rayuwa ta ɗan daidaita. Da safe in kai su makaranta, Husna a ɗaure a kujerarta, goshi a gilashi. Da rana in cika bayan da kwalayen takalma da atamfa da kayan kicin. In ihu ya taso a ɗaki da yamma, maimakon banɗaki da famfo, sai mu sauko mu zaga unguwa har ta huce. Amma babbar jakar nan tana nan a gindin kabad, Sa'adatu ba ta mayar da ita sama ba.

Sanyi ya shigo a ƙarshen 2019. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na jera akwatunan Gulam, muka ɗauki hanyar Hatta. Muka bar benaye, muka shiga jan yashi, muka wuce raƙuma suna kiwo a bayan waya. Can sai duwatsu suka taso, baƙaƙe, tsirara, ba ko ciyawa. Na sauka daga kwalta na bi wata hanyar tsakuwa a hankali, har muka shiga wani busasshen kwari, dutse ta dama, dutse ta hagu, da wata bishiyar ƙaya guda ɗaya. La'asar ta yi. Na kashe inji, na zuge ƙofa.

Sa'adatu ta cire takalmi ta taka ƙasa. Husna ta sauko a bayanta, ta yi 'yan taku a kan tsakuwa, ta tsaya tana kaɗa hannuwa kamar yadda take yi in abu ya yi mata daɗi. Sai ta ɗaga kai ta saki ihun nan nata mai kaifi.

Hannun Sa'adatu ya tafi da kansa zuwa bakin yarinyar. Ta ce, "Yi shi..."

Ba ta ƙarasa ba dutsen ya dawo da ihun. Daga dama ya fara, sannan hagu ta amsa, sannan can nesa, ƙasa-ƙasa.

Husna ta ƙame. Ta juya tana neman mai yi. Ta sake yin ihun, gajere, kamar gwaji. Dutsen ya amsa. Ta sake, ya amsa. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har tana faɗuwa zaune.

Sa'adatu ta waiga dama da hagu. Na ce, "Ba kowa, Maman Husna. Mu kaɗai ne."

Sai ta haɗa tafukanta a baki, ta cika ƙirji, ta ƙwala kira da duk ƙarfinta: "Husnaaa!"

Duwatsu suka ɗauka. Husna. Husna. Husna.

Yarinyar ta dubi dutsen, ta daɗe. Sannan ta juyo ta dubi uwarta, ido cikin ido. Ta taso ta zo, ta kama hannun Sa'adatu da hannuwanta biyu, ta ɗaga shi ta kai mata baki. A sake ke nan.

Sa'adatu ta sake. Ta sake. Hawaye na bin fuskarta tana dariya tana kira, Husna na amsawa da nata ihun, dutse na amsa musu su biyun. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofar motar, na kasa ko sauke risho. Ba su daina ba sai da muryar Sa'adatu ta dishe, rana ta faɗa bayan dutse, na yi kiran magariba, shi ma dutsen ya maimaita.

Husna ba ta yi magana ranar ba. Sai da aka ƙara shekara da wani abu kafin kalmar farko ta fito, kuma har yau ba su da yawa. Amma da gari ya waye na farka ƙafata a lanƙwashe, na tarar su biyun suna barci, hannun Husna a cikin gashin uwarta, hasken safiya ya ratso labule ya zuba musu kore a fuska.

Na sauka a hankali na kunna risho na ɗora ruwan shayi. Sa'adatu ta fito a naɗe da bargo, ta tsuguna kusa da ni tana ɗumama hannu. Ta leƙa 'yar tukunyar da muka dafa taliya jiya, ta juya ta, ta taɓe baki. Da disasshiyar muryarta ta ce, "Baban Husna, wannan ta yi kaɗan. Sati mai zuwa da babbar za mu taho, tuwo zan yi."

Na ce, "To."

Na juya ina neman ganyen shayi a cikin akwati, na daɗe ina nema, alhali yana hannuna.